Rumbu Ko Rumfa: Sharhi Kan Buɗe Bulog Ga Sabon Shiga

Kalmar "buloga" ta shiga bakin jama'a a 'yan shekarun nan, sai dai kowa da abin da yake nufi da ita. A majalisar samari a Kano ko Kaduna, galibi ana nufin mai shafi a Instagram ko TikTok wanda ke bibiyar auren 'yan fim da mutuwar aurensu. A bakin ɗan siyasa, buloga shi ne yaron da ake saya wa data ya wanke maigida ya ragargaji abokin hamayya. A tallan masu koyar da "sana'ar intanet" kuwa, bulog wata gona ce da ake shukawa yau a girbi dala jibi.

Kowace daga cikin ma'anonin nan uku tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma babu wadda ta kama tushe. Abin da ruɗanin ya haifar shi ne mutum iri biyu. Akwai malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya mai ilimin da zai amfani jama'a, amma yana ƙyamar a kira shi da sunan 'yan tsegumi, don haka ya kama bakinsa. Akwai kuma matashin da ya shigo da lissafin dala, ya yi wata uku bai ga ko sisi ba, ya tattara ya bar shafin kango.

Mene ne bulog?

Bulog shafi ne a intanet wanda mutum ɗaya, ko wasu 'yan tsiraru, ke zuba rubutu a kai a kai. Kowane rubutu yana da kwanan watansa da adireshinsa na kansa. Sabo yana zama a sama, tsoho yana gangarawa ƙasa ba tare da ya ɓace ba, ta yadda wanda ya neme shi bayan shekara biyar zai same shi inda aka ajiye shi. Mai shafin shi ne buloga, ko yana rubutu a kan nahawu ne ko a kan kiwon zuma.

Kalmar aro ce daga Ingilishi. A watan Disambar 1997 wani Ba'amurke mai suna Jorn Barger ya haɗa kalmomi biyu ya samar da "weblog". Ta farkon tana nufin saƙar gizo-gizo, wato yanar gizo, ta biyun kuma littafin da matuƙan jirgin ruwa ke rubuta abin da ya wakana a tafiyarsu kowace rana. A 1999 Peter Merholz ya gutsure kalmar cikin raha, abin da ya saura shi ne bakin Bahaushe ya mayar bulog.

Akwai wasu kalmomin da masu harkar ke yawan jefa wa sabon shiga har su firgita shi. "Domen" shi ne adireshin shafi, sunan da ake rubutawa a je wurinka, mai ƙarewa da .com ko .ng da makamantansu. Ba a sayensa a mallake shi har abada, hayarsa ake yi shekara-shekara. "Hostin" masauki ne, wato gurbi a cikin wata babbar kwamfuta da ba ta mutuwa dare da rana, inda rubutun da hotunan ke zaune. Manhajar bulog, irin su WordPress da Blogger, ita ce ke ba ka wurin rubutu da maɓallin wallafawa ba sai ka iya yaren kwamfuta ba. "Tirafik" yawan masu ziyara ne. Abin da ake kira SEO kuma dabarun tsara shafi ne yadda injin bincike irin Google zai fahimci abin da ke ciki ya nuna wa mai nema. Idan aka kwatanta da gida, hostin shi ne fili, domen lambar gida, manhaja kuma magini.

Inda bulog ya sha bamban da shafin Facebook shi ne a wajen ajiya. Dandalin sada zumunta rumfar kasuwa ce: akwai jama'a, akwai ciniki, amma da an tashi kasuwa shi ke nan, gobe wata hajar ce a kan tebur. Bulog rumbu ne. Ba kowa ke bi ta gabansa ba, sai dai abin da aka zuba a ciki yana nan.

Yadda abin ya faro

Tun a 1994 wani ɗalibi a Amurka, Justin Hall, ya fara rubuta labarin rayuwarsa a shafinsa, kuma ana lissafa shi cikin na farko-farko. A lokacin sai wanda ya iya gina shafi da hannunsa. Ƙofar ta buɗe wa kowa ne a 1999, lokacin da wani ƙaramin kamfani mai suna Pyra Labs ya fito da Blogger. Shekarar 2003 ce ta sauya komai: Google ya sayi Blogger, Matt Mullenweg da Mike Little suka saki WordPress, sannan Google ya ƙaddamar da AdSense, tsarin da ke sanya talla a shafin mutum a raba kuɗin da shi. Daga wannan shekarar rubutu da neman kuɗi suka ƙulla auren da har yau ake ta rigima a kansa. A wannan shekarar ce kuma duniya ta riƙa karanta wani matashi ɗan Iraƙi mai laƙabin Salam Pax, wanda ke ba da labarin yaƙi daga cikin Bagadaza.

A Afirka, rikicin zaɓen Kenya na ƙarshen 2007 ya nuna ƙarfin abin. Wata lauya mai bulog, Ory Okolloh, ta nemi jama'a su riƙa aiko mata da rahoton tashin hankali, daga nan aka haifi manhajar Ushahidi a farkon 2008. A Najeriya kuwa sunaye biyu suka mamaye fagen tun daga 2006: Linda Ikeji da BellaNaija, dukansu a kan taurari, biki da kwalliya. Da labarin ya bazu a 2015 cewa Linda Ikeji ta sayi gida a Banana Island da ke Legas, sai ma'anar bulog a Najeriya ta daskare a kan abu biyu, tsegumi da kuɗi. Yawancin ruɗanin da aka ambata a farkon wannan sharhi daga nan ya samo asali.

Ba a bar ƙasar Hausa a baya ba tun wancan zamanin. Ɗan jarida Ibrahim Sheme ya yi bulog mai suna Bahaushe Mai Ban Haushi, Abdullahi Salihu Abubakar, wato Baban Sadiq, ya riƙa taskance darussansa na fasahar sadarwa da ke fita a jaridar Aminiya, yayin da a ɓangaren masu Faransanci gidan rediyon RFI ya buɗe dandalin Mondoblog a 2010. Sai dai akasarin Hausawa sun shigo intanet ne ta waya, bayan Facebook da WhatsApp sun riga sun kafu. Sun tarar da rumfa a cike, ba su san da rumbu ba. Shi ya sa za ka ga malami ya zuba nazari mai zurfi a kan tarihin masarautar Gobir ko hukuncin jingina a Facebook, dubban mutane su yaba, bayan wata shida shi kansa ya kasa nemo shi.

Na kyauta ko na kuɗi?

A nan ne gardama ta farko take. Masu ra'ayin a fara da kuɗi suna cewa zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya zauna a dandalin kyauta ɗan haya ne da ba shi da takarda, ranar da mai gida ya ga dama zai iya rufe ƙofa. Suna da hujjoji. Yahoo ya rufe GeoCities a 2009 da ɗimbin shafukan jama'a a ciki. Google ya kashe Google+ a 2019. A watan Oktobar 2014 an sauke bulog ɗin Linda Ikeji daga Blogger na 'yan kwanaki, ana tsakiyar zarginta da ɗaukar kayan wasu. Marubutan littattafan Hausa ba su manta da rufewar OkadaBooks a ƙarshen 2023 ba. Wani lokacin ma hukuma ce ke rufe ƙofar, kamar dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Ɗaya ɓangaren suna cewa ba a sayen akushi kafin a ga tuwo. Hayar adireshin .com takan kama dala 10 zuwa 15 a shekara, masauki kuma da nasa kuɗin, kuma tun da aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a Yunin 2023 duk abin da ake biya da dala ya ninka. Adireshin .com.ng, wanda ke ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, ana biyansa da naira kuma ya fi sauƙi, amma shi ma kuɗi ne. Wanda bai tabbatar zai iya rubutu goma a jere ba, me zai kai shi biyan hayar shekara?

Akwai wani ruɗanin a tsakiya da ya kamata a warware. WordPress iri biyu ne. Akwai manhajar kanta, kyauta ce, amma sai ka nemo mata masauki ka kuma riƙa kula da tsaronta da sabunta ta. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta aka gina su. Akwai kuma WordPress.com, kamfani ne da ke ba da gurbi, na kyauta mai iyaka da na kuɗi. Mutane da yawa sun biya kamfanin alhali manhajar suke nufi. Ban da su akwai Medium, wanda aka kafa a 2012, da Substack na 2017 mai aika rubutu kai tsaye zuwa akwatin imel na masu karatu.

Idan aka auna hujjojin, ra'ayi na biyu ya fi dacewa da sabon shiga, da sharaɗi guda. A fara a kyauta, a Blogger ko makamancinsa, amma a riƙa sauke kwafin dukkan rubutun ana ajiyewa a wani wuri. Idan rubutu ya kai ashirin ko talatin kuma zuciya ba ta karaya ba, sai a yi hayar adireshi a ɗora. Blogger yana ba da damar haɗa adireshin ƙashin kai ba tare da ya karɓi kuɗin masauki ba. Mai adireshin kansa ko ya sauya masauki masu karatunsa ba za su ɓace masa ba.

Maganar kuɗi

Wannan ne ɓangaren da aka fi yi wa jama'a romon baka, don haka ya cancanci a tsaya a kansa.

Tallan AdSense gwanjo ne. Duk sanda wani ya buɗe shafi, masu talla suna yin tayi a cikin ƙiftawar ido a kan wanda zai nuna masa hajarsa, kuma tayin ya danganta da ko wane ne mai karatun. Kamfanin inshora a Amurka zai biya da tsoka don ya isa ga mai karatu a can, saboda yana sa ran ciniki mai nauyi. Mai karatu a Gusau ko Maraɗi ba shi da masu rububinsa haka, don haka farashinsa ƙasa yake sosai. Daga abin da aka samu mai shafi yana tashi da kusan kashi 68 cikin ɗari. Ba a biyansa sai kuɗin ya taru ya kai dala 100, bayan an aiko masa da lambar tantancewa ta gidan waya, kuma sai ya cika shekara 18.

A yi lissafi na misali kawai. Idan aka ƙaddara ana samun dala 1 a kan kowace ziyara dubu, sai an ziyarci shafi sau 100,000 kafin a kai ga biyan farko. Sabon shafin da ke samun mutum hamsin a rana, sai ya shekara biyar da ɗoriya.

Sannan ga babban dutsen da masu sayar da kwas ba sa ambata. Google yana da jerin harsunan da ya amince a sanya tallansa a kansu. A ciki akwai Larabci, Urdu, Hindi, Bengali da Tamil, amma shekara da shekaru babu Hausa. Wannan ne ya sa wasu ke cika sabon shafi da rubutun Turanci na sata har a amince da su, daga baya su koma Hausa. Wasu sayen asusun wani suke yi, wasu kuma su haɗa zauren WhatsApp na "danna mini in danna maka". Duk waɗannan sun saɓa wa ƙa'idar kamfanin, kuma abin da yakan biyo baya shi ne rufe asusu tare da riƙe abin da ya taru. Ban da haka, karɓar kuɗin mai talla a kan dannawar da ba ta gaskiya ba ha'inci ne, ko da kamfanin bai gano ba.

Akwai kuma abin da mai kishin addini zai so ya sani: ba shi ke zaɓar tallan da zai fito a gefen rubutunsa ba. Ana iya toshe wasu rukunai daga cikin saiti, kuma ya kamata a yi hakan tun ranar farko, kada mai bayanin hukuncin azumi ya wayi gari da tallan bashi da ruwa a tsakiyar darasinsa.

To ta ina masu cin abinci da bulog ke samu? Mafi yawa ba daga tallan Google ba ne. Wani yana karɓar talla kai tsaye daga mai shagon magungunan dabbobi ko makarantar kuɗi da ke son isa ga irin masu karatunsa. Wani yana cin la'ada idan an sayi kaya ta hanyarsa. Wani littafinsa ko darasinsa yake sayarwa. Mafi yawanci kuma, shafin shaida ne: wanda ya yi shekara biyu yana rubutu mai tsafta a kan lafiyar mata masu juna biyu, shi ƙungiya za ta nema idan tana son mai fassara ko mai wayar da kai, shi gidan rediyo zai kira. Duk hanyoyin nan a kan abu guda suke tsaye, wato amincewar mai karatu, kuma ba a tara ta da kanun labarai irin su "Innalillahi, kalli abin da ya faru da wata jaruma".

Da Hausa ko da Turanci?

Masu cewa a yi da Turanci suna duba girman kasuwa da kuɗin talla. Gaskiyarsu ce ta wannan fuskar. Abin da suke mantawa shi ne cunkoso. Wanda ya rubuta yadda ake kiwon kaji da Turanci yana gogayya da jami'o'i da kamfanoni da dubban shafuka da suka riga shi da shekara ashirin. Wanda ya rubuta shi da Hausa, da sunayen cututtuka yadda masu kiwo ke faɗarsu da farashin buhun abinci a kasuwar garinsu, kusan shi kaɗai ne a fili. Hausa tana da masu magana da ita miliyoyi gommai daga Najeriya da Nijar har zangunan Kumasi da unguwannin Sudan, amma abin da aka rubuta da ita a intanet bai taka kara ya karya ba, kuma kaso mai yawa na wanda ke akwai labaran siyasa ne da ake kwafa daga wannan shafi zuwa wancan.

Wanda ya zaɓi Hausa sai ya ɗauki nauyinta. Rubutun boko yana da ƙa'ida, kuma tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ake goge ta. Haruffa masu lanƙwasa ba ado ba ne: ƙafa daban, kafa daban, haka ɓata da bata. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, saboda haka uzurin waya ya ƙare. Raba kalmomi ma haka, "ya ce" ba "yace" ba. Akwai wata 'yar matsala a nan da ya kamata a sani: masu bincike da yawa ba sa sanya lanƙwasa idan suna nema, wasu ma da Ingausa suke tambaya. Maganinta ba lalata rubutu ba ne. A sanya kalmomin da mutane ke furtawa da bakinsu a cikin take da sakin layi na farko, adireshin rubutun kuma a bar shi da haruffa marasa lanƙwasa.

Fassarar inji jaraba ce babba. Google Translate ya ƙara Hausa tun 2013, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu suna iya zubo shafi goma cikin minti ɗaya. Mai karatu Bahaushe yana gane irin wannan rubutun daga layi na biyu, kalmomin Hausa ne amma ƙashin bayan na wani harshe ne.

Me za a rubuta?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafin "komai da ruwanka": labarai, wasanni, Kannywood, addini, girke-girke, duk a hannun mutum ɗaya mai waya ɗaya. Ba zai riga BBC Hausa ko Aminiya samun labari ba, don haka ƙarshenta kwafa zai koma.

Abin da sabon shiga ke da shi wanda manyan kafafe ba su da shi shi ne ƙunƙuntaccen sani. Manomin albasa a Aliero ko Galmi ya san yadda ake adana ta kada ta ruɓe kafin farashi ya tashi. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ya san alamomin da ake gane wayar da aka taɓa buɗewa. Dillali a kasuwar Dawanau ya san watan da riɗi ke karyewa da dalilinsa. Malamar sakandare ta san inda ɗalibai ke tuntuɓe wajen cike fom ɗin JAMB. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa bulog guda. Gwaji mai sauƙi shi ne mutum ya zauna da takarda ya jero tambayoyi talatin da aka saba yi masa a fanninsa. Idan sun fito ba tare da wahala ba, ya samu abin rubutun rabin shekara. Idan ya cije a ta bakwai, fannin ba nasa ba ne.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Rubutu ɗaya a mako wanda za a iya ɗorewa a kai ya fi bakwai a makon farko sannan shiru. Take ya faɗi abin da ke ciki. Tunda kusan kowa a waya zai karanta, kuma data ta ƙara tsada bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025, a rage nauyin hotuna, a gajarta sakin layi. A yi shafi guda da ke bayyana ko wane ne mai rubutun da abin da ya ba shi ikon magana a fannin. Inda magana ta shafi fatawa ko magani, wanda ba malami ba ne ko likita ya tsaya iya inda saninsa ya tsaya, ya kuma faɗi wurin da ya samo.

Doka da haƙƙin mallaka

Wallafawa a bulog wallafawa ce a idon doka, ko da mutum uku ne suka karanta. A Najeriya sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 shi aka fi amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu rubutu. Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashen ya ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki, an kuma yi masa kwaskwarima a 2024, amma ba a daina gurfanar da mutane da shi ba. Ɓata suna kuma laifi ne a kundin Penal Code da jihohin Arewa ke aiki da shi. A Nijar an kafa dokar laifukan intanet a 2019, aka tsare 'yar jarida mai bulog Samira Sabou na makonni a 2020 bisa ƙarar ɓata suna. An cire hukuncin ɗauri a kan irin wannan laifi a 2022, gwamnatin soja ta dawo da shi a 2024. Ana iya jayayya a kan adalcin waɗannan dokoki, kuma ana yi, amma sabon shiga ya san suna nan. Zargin da ba za a iya kare shi da takarda ko shaida ba, barinsa ya fi.

Satar fasaha kuwa ta zama ruwan dare har wasu ba sa ganinta laifi. Rubuta "an kwafo" a ƙarshen aikin wani ba izini ba ne. Waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne marubutan littattafan Hausa, galibinsu mata, waɗanda ke sayar da labari a WhatsApp a kan 'yan ɗaruruwan naira, washegari su gan shi kyauta a wani shafi da talla zagaye da shi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi hanyar neman a sauke irin wannan daga intanet. Hoto ma haka yake, ganinsa a Google ba ya halatta shi. Wanda mutum ya ɗauka da wayarsa ya fi aminci, ko na rumbuna irin Wikimedia Commons bisa sharaɗin da aka gindaya.

Shin zamanin bulog bai wuce ba?

Masu cewa ya wuce suna nuni da abubuwa biyu. Na farko, al'ummar Hausa ta fi karkata ga saurare da kallo. Rediyo ne ya raine ta, saƙon murya da gajeren bidiyo suka gaje shi. Na biyu, tun fitowar manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT a Nuwambar 2022, da kuma fara sanya taƙaitacciyar amsa a saman sakamakon binciken Google a 2024, mai tambaya yakan sami abin da yake so ba tare da ya shiga shafin kowa ba. Shafukan da suka dogara da ziyara daga injin bincike sun ji a jikinsu.

Masu cewa da sauransa suna amsawa da cewa wanda zai mutu daban ne. Shafin da ke sake tauna abin da ke ko'ina, inji ya riga ya fi shi sauri da araha, kuma Google da kansa ya tsaurara ƙa'ida a 2024 kan shafukan da ake cikawa da tarin rubutu don a ja ziyara kawai. Amma inji ba ya zuwa kasuwar Mai'aduwa ya ga yadda ake cinikin raƙumi, bai kuma zauna da tsohuwar da ta san waƙoƙin daɓe ba. Sai wani ya rubuta kafin ya sani. Alamu sun fi nuna cewa bulog zai ragu a matsayin hanyar tara jama'a, ya ƙaru a matsayin ma'ajiya da shaidar ƙwarewa. Tsarin da ya fi yin aiki yanzu shi ne haɗa biyun: cikakken bayani a bulog, gutsurensa a Facebook ko tashar WhatsApp ko bidiyon minti ɗaya, da adireshin da zai kai mai son ƙari zuwa tushe.

Abin da ke kashe shafi

Ba kasafai 'yan kutse ko hukuma ke kashe ƙaramin bulog ba. Shiru ne na farko: watanni na farko kusan ba mai zuwa, domin injin bincike yakan ɗauki lokaci kafin ya fara nuna sabon shafi, kuma a wannan tsakanin ne akasari ke ajiye alƙalami.

Na biyu sakaci ne da mabuɗi. Mutane da yawa wani ne ya buɗe musu shafin a shagon kwamfuta da imel ɗinsa, ranar da aka saɓa ko ya bar gari, shafin ya tafi da shi. Wasu lambar wayar da suka yi rajista da ita ce ta salwanta, ko an rufe ta lokacin haɗa layi da lambar NIN, ko ta daɗe ba a amfani da ita kamfani ya sayar wa wani, ga kalmar sirri an manta. Imel da lambar waya da adireshi su kasance da sunan mai shafin, a kunna tantancewa mai mataki biyu, a rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda a adana inda ake adana takardun gida.

Na uku ranar sabunta haya ce. Idan wa'adin adireshi ya cika ba a biya ba, akwai 'yan makonni na sassauci, daga nan a ƙara tara mai nauyi, daga nan a sake shi kasuwa. Akwai masu sana'ar jiran irin waɗannan sunaye, musamman waɗanda suka riga suka tara masu ziyara, kuma sau da yawa tallan caca suke zubawa a kai.